Me Ya Sa Gida Ya Gagari Ma'aikaci a Abuja? Tambayoyi da Amsoshi Kan Filaye, Tsarin Birni da Kuɗin Haya

Wanda duk ya taɓa tsayawa a gadar Mararaba da ƙarfe biyar da rabi na asuba ya ga yadda Abuja take cika. Malaman makaranta, masu gadi, direbobi, ma'aikatan jinya, masu shara, 'yan sanda, kowa na rububin mota zuwa garin da zai yini yana yi wa hidima amma ba shi da wurin kwana a cikinsa. Na yi shekaru ina cikin wannan ayari, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji a bakin mutane a mota, a majalisa da kuma ƙofar masallaci.

Ba tsadar siminti da son kuɗin masu gidaje ne suka jawo wannan ba?

Suna da nasu kason. Siminti da rodi sun yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Sai dai buhun siminti kusan kuɗinsa ɗaya a Abuja da Keffi da Kaduna, amma haya ba ɗaya ba. Abin da ya bambanta su shi ne ƙasa: nawa ake samunta, wa ake ba wa, kuma me doka ta yarda a gina a kanta.

Yi lissafin da kanka. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ɗaki ɗaya mai banɗaki a Wuse ko Garki ya haura wannan, tun kafin a zo kan la'adar dillali da kuɗin lauya da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Mutum ya haƙura da ci da sha shekara guda ma bai kai ba.

To mene ne wannan tsarin ware unguwanni da ake magana?

Kowane fuloti a cikin birnin Abuja an riga an rubuta masa aikinsa a taswira: wannan na gidan zama ne, wancan na kasuwanci, wancan na makaranta ko lambu. Su kansu filayen zama an kasa su uku, gwargwadon yawan mutanen da aka yarda su zauna a kai. Akwai na 'yan kaɗan, akwai matsakaici, akwai na jama'a da yawa. Ga kuma ƙa'idojin gini: tazarar da za ka bari tsakanin gininka da titi da katangar maƙwabci, iyakar filin da gini zai cinye, yawan hawa, wurin ajiye motoci. Sashen kula da gine-gine na Babban Birnin Tarayya shi ke duba zanenka ya amince ko ya ƙi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ta ce talaka kada ya shigo. Amma ka ɗauki fuloti a Maitama ko Asokoro mai faɗin murabba'in mita 2,000, wanda doka ta ce na iyali ɗaya ne da boskwata. A wannan fili za a yanka fuloti huɗu irin namu na ƙafa 50 a 100, ko a ɗora bene mai ɗaukar iyali goma sha biyu. Doka ta hana. Ke nan mafi ƙanƙantar gidan da aka halatta a unguwar ya riga ya fi ƙarfin kusan kowa. Ba a kore ka da baki ba, an dai kafa ƙofar a inda ba za ka kai ba. Abin da masana ke nufi ke nan idan suka ce tsarin gari mai ware mutane.

A Abuja aka ƙirƙiro shi?

A'a. A Amurka abin ya fi suna. A 1917 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta wa birane raba unguwanni bisa launin fata. A 1926 kuma ta amince wa wani ƙaramin gari mai suna Yukilid, a jihar Ohayo, ya raba filayensa bisa irin ginin da za a yi. Daga nan garuruwa da yawa suka gane cewa ba sai an ambaci launin fata ba: a ce gida ɗaya kawai a kan babban fili, ban da benen haya, sakamakon kusan ɗaya ne.

Mu ma muna da namu tarihin, kuma ya fi kusa da mu. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ta ware wa Turawa unguwarsu, wadda daga baya ta zama GRA, aka kuma bar fili na yadi 440 da ba a gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, da sunan kariya daga zazzaɓin sauro. Baƙi 'yan kudu aka kai su Sabon Gari. Turawa sun tafi, manyan ma'aikatanmu suka shige gidajensu, tunanin kuma ya zauna: unguwa mai kyau ita ce mai faɗin fili, mai ƙarancin mutane, nesa da hayaniyar talakawa. Da wannan ido aka kalli Abuja.

Wato masu zana birnin da gangan suka manta da talaka?

A nan ina ganin ya kamata a yi adalci. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Wani gungun kamfanonin Amurka ya miƙa babbar taswirar birnin a 1979, shahararren mai zanen gine-gine na Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar gari. Taswirar ta yi hasashen birnin zai girma mataki-mataki har ya ɗauki mutum wajen miliyan 3, ta tanadi gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma bar hanyoyi na musamman don sufurin jama'a.

Wurin aiwatarwa aka karkace. Mataki na farko, wato Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar gari, shi ya samu tituna da ruwa da magudanai cikakku. Unguwanni da dama na mataki na biyu da na uku an raba filayensu a takarda shekaru da yawa kafin kwalta ta isa. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991, jama'a suka kwararo fiye da yadda gidaje ke ƙaruwa. Nyanya, wadda aka gina a matsayin sansanin leburori na wucin gadi, ta zama gari. Kubwa, Karu, Lugbe, Mpape, Gwagwa da Dutsen Alhaji suka cika, ragowar ta malala Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a jihar Neja.

Sai kuma sayar da gidajen gwamnati a zamanin Obasanjo, bayan da aka koma ba ma'aikata kuɗi maimakon gida. Waɗanda ke ciki a lokacin sun amfana, ba na musu. Amma ƙaramin ma'aikacin da aka ɗauka bayan nan ya iske babu sauran kwatas a cikin gari.

Wai ma wa ke da ƙasa a Abuja?

Gwamnatin Tarayya. Dokar da ta kafa birnin a 1976 ta faɗa, sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita. A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. A Abuja ikon na Shugaban Ƙasa ne, Ministan Babban Birnin Tarayya ke zartar da shi. Abin da kake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, takardar C of O kuma shaidarsa ce. Za ka riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma ba ka sayarwa ko ka jinginar sai da yardar minista.

Kada a raina kuɗin ƙasar nan. A 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya ba.

Ga mu 'yan Arewa tsarin ba baƙo ba ne, domin dokar 1978 ta ɗauko abubuwa da yawa daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Abin da ya sa na Abuja ya fi tsauri shi ne ƙofa ɗaya ce tak. Fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, amma halastaccen fuloti sai ta alƙalami ɗaya yake fitowa. Wanda ya san hanyar wannan alƙalami ya samu a farashin gwamnati, ya sayar a farashin kasuwa. Wanda bai sani ba ya saya a hannu na uku ko na huɗu.

Malam, na sayi fili a wurin mai unguwa, da shaidu da takarda mai hatimi. Ba ni da hujja?

Ɗan'uwa, ba na son faɗa, amma a idon doka ba ka da ita. Kotuna, har da Kotun Ƙoli, sun yanke cewa babu mallakar gargajiya a Babban Birnin Tarayya, kuma minista kaɗai ke ba da fili. Sarki ko dagaci ko mai unguwa ba ya iya sayar maka da abin da doka ta ce ba nasa ba ne. Awon igiya yana nan a matsayin awon igiya ko da hatimi goma ne a kan takardar.

Wani ɗan ƙanin mahaifina, tela ne, ya tara kuɗi shekara shida ya sayi ɗan fili irin wannan, ya yi ciki da falo ya sa iyalinsa. Wata ranar Talata aka shafa jan fenti a bango. Bai cika wata ba katafila ta zo. Na je taya shi tsintar kwanon rufi da ƙofofi, matarsa na zaune a kan katifa a fili da jariri a hannu. Har yau idan na ji ana cewa "ai su suka gina ba bisa ƙa'ida ba" sai wannan katifar ta faɗo mini a rai. Gaskiya ne ya saɓa ƙa'ida. Amma a nuna mini fuloti ɗaya na ƙa'ida da tela zai iya saya a tazarar awa guda daga shagonsa.

Takardar ƙaramar hukuma fa?

Ta fi ta mai unguwa, amma ba ta kai ta minista ba. Ƙananan hukumomi shida na birnin, wato AMAC ta cikin gari, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, sun daɗe suna raba filaye kafin a dakatar da su a zamanin da Malam Nasir el-Rufa'i yake ministan birnin, aka ce masu irin waɗannan takardu su kai su AGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Abuja, a tantance. Ɗimbin mutane sun kai, kaɗan ne suka fito da cikakkiyar takarda. Sau da yawa abin da mai sayarwa zai nuna maka shaidar karɓar takardu ce kawai, ba shaidar mallaka ba.

Idan aka rushe gida akwai diyya?

Ya danganta da takardarka. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamnati damar ƙwace fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce a biya diyyar abin da ke kan filin, kamar gini da amfanin gona, ba darajar ƙasar kanta ba. Wanda ba shi da halastacciyar takarda yawanci ko sisi ba ya gani.

Rusau mafi girma shi ne na 2003 zuwa 2007, lokacin da aka share wurare irin su Idu-Karmo, Chika da Aleita da sunan dawo da taswirar asali. Ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli sun ƙiyasta cewa mutum fiye da 800,000 ne suka rasa matsuguni. Magoya bayan aikin suna cewa an ceto hanyoyin ruwa da bututu da filayen shaƙatawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai mutanen ba su ɓace ba. Sun ƙara gaba ne, haya ta tashi a inda suka sauka, doguwar tafiya ta ƙara tsawo. A 2006 kuma aka hana acaɓa a cikin gari, wanda shi ne sufurin da yawancinsu suka dogara da shi.

'Yan asalin wurin fa, ina matsayinsu?

Gbagyi, Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana da sauransu suna nan tun kafin a yi mafarkin birnin. Da farko an yi niyyar kwashe kowa a sake masa matsuguni a wajen yankin, da aka ga kuɗin ya yi yawa aka fasa. Tun daga nan manufar ke sauyawa, yau a ce za a tayar da su, gobe a ce za a bar su a cikin birni. An gina wuraren sake tsugunarwa irin su Apo da Wasa da Shere-Galuwyi, wasu sun daɗe ba a kammala ba.

Shi ya sa ƙauyukan Garki, Mabushi, Jabi da Durumi suke nan a tsakiyar benaye. Abin lura, su ne kusan kaɗai wuraren da mai shayi da mai wanki da ɗan aike ke iya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. Gidajen da taswira ba ta san da su ba su ke ɗauke da nauyin da taswira ta kasa ɗauka, cikin cunkoso da rashin magudana da fargabar jan fenti.

Ga gidaje can babu kowa a Maitama da Guzape da Katampe. Ta yaya za a ce gidaje sun yi ƙaranci?

Gidan da ke da yawa ba shi ne wanda ake nema ba. Mai filin da ya saya da tsada, doka kuma ta ce gida kaza kaɗai zai yi a kai, dole ya gina na alfarma don kuɗinsa ya fito. Wasu kuma ba don haya suka gina ba, ma'ajiyar dukiya ce, ko wadda ake gudun faɗuwar naira ta cinye, ko wadda ake ɓoyewa. A Disamban 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma bayan binciken EFCC. Ajiye gida a rufe ba ya cin mai shi wani abin kirki, don haka ba ya gaggawar rage farashi. Maigadi da iyalinsa suna ɗan ɗakin bakin ƙofa, ɗakuna takwas na kulle a bayansu.

Shirye-shiryen gidaje na gwamnati ba su taimaka ba?

Kaɗan. Tun wajen shekarar 2000 ake ba kamfanoni manyan filaye don su gina wa jama'a gidaje masu yawa, amma akasarin abin da ya fito rukunin gidaje ne masu katanga da ƙofar tsaro, a farashin da ƙaramin ma'aikaci ba ya tunkara. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance a kan ruwa kashi 6, har zuwa shekara 30. Amma rancen yana buƙatar gida mai ingantacciyar takarda, gida mai ingantacciyar takarda kuma shi ne mai tsada. An dawo inda aka fara. Ga kuma 'yan'uwa da yawa da ba sa kusantar rance mai ruwa saboda addini.

Mai gida ya ninka mini haya. Doka ta ba shi dama?

Babu dokar da ta ƙayyade farashin haya a Abuja a aikace. An taɓa kai ƙudiri Majalisar Dattawa a 2022 don rage karɓar kuɗin shekara a dunƙule, bai zama doka ba. Abin da kake da shi shi ne haƙƙin sanarwa. Idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara-shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata guda, sannan a ƙara na kwana bakwai kafin a je kotu. Cire maka rufi ko ƙofa, ko watso kayanka waje ba da umarnin kotu ba, saɓa doka ne. Ka adana rasit ɗinka.

Idan aka sassauta ƙa'ida, Abuja ba za ta lalace ta zama hargitsi ba?

Wannan tsoro na fahimce shi, ni ma ina son faffaɗan titunan nan da itatuwansu. Babu mai hankalin da zai ce a bar mutane su gina a kan hanyar ruwa. Mun ga abin da ambaliya ke yi a Lokogoma da Lugbe. Ƙa'idar da ke kare rai daban, ƙa'idar da ke kare tsadar unguwa daban. Hana gini a bakin rafi ta farko ce. Hana iyali shida zama a filin da zai ɗauke su cikin walwala ta biyu ce.

Hargitsin kuma ai yana nan, an dai tura shi bayan gari. Je ka hanyar Keffi daga mahaɗar AYA da ke Asokoro zuwa Masaka da yamma. Awa biyu ko uku a mota kowace rana, kuɗin mota na cin babban kaso na albashi, 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, na farautar masu neman mota da duhu, yara ba sa ganin ubansu sai ranar Lahadi. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, aka sake farfaɗo da shi a 2024, yana zuwa Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, bai leƙa wannan hanya ba. Babban birnin Burazil, Burasiliya, wanda aka buɗe a 1960 kuma ake yawan kwatanta Abuja da shi, haka ya yi: tsakiya tsaf-tsaf, leburorin da suka gina shi suna garuruwan gefe.

Akwai inda aka gyara aka ga amfani?

Akwai. Birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan ya ba da damar ƙara yawan gidaje a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa a 2016, gine-gine kuma suka ƙaru sosai. Miniyapolis a Amurka ta amince a 2018 a daina keɓe unguwanni ga gida ɗaya tak. A jihar Niyu Jasi kotu ta yanke tun 1975 cewa gari ba shi da ikon amfani da dokar filaye ya toshe wa masu ƙaramin ƙarfi hanya.

Ba kwafa za mu yi ba, domin matsalarmu ta fi tasu zurfi: su suna da takardun fili, mu yawancinmu ba mu da su. A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne a yanka ƙananan fuloti na awon gwamnati, masu titi da ruwa, a inda mutane ke iya zuwa aiki, a raba su a fili kowa na gani. Unguwannin da suka daɗe da kafuwa, waɗanda ba sa kan hanyar ruwa ko bututu, a shiga a fitar musu da layuka a ba su takarda maimakon katafila. Masu filaye a Wuse, Garki, Utako da Jabi a sauƙaƙa musu izinin ƙara hawa da ƙananan ɗakunan haya. Wanda kuma ya riƙe fili ko kango a unguwar da gwamnati ta kashe kuɗin jama'a ta kai wa kwalta, ya ji nauyin riƙon a aljihunsa.

Wa za mu kai wa kuka?

Nan ma akwai ƙulli. Abuja ba ta da gwamna ko majalisar jiha. Majalisar Tarayya ke yi mata doka, inda take da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Ministan da ke sa hannu a kan filaye naɗa shi ake yi, ba zaɓa ba. Shugabannin ƙananan hukumomi da ake zaɓa ba su da iko a kan ƙasa. Ɗimbin waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya kuma ƙuri'arsu tana Nasarawa ko Neja. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin unguwa, ƙungiyoyin ƙwadago, kwamitocin majalisa masu kula da birnin, da kotu. Na ga unguwar da ta haɗa kuɗi ta ɗauki lauya ɗaya ta samu umarnin dakatar da rusau, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Ina shirin sayen fili yanzu. Me zan yi kafin in biya?

Ka karɓi lambar fayil da kwafin takardar, ka sa lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya yi bincike a AGIS. Binciken zai nuna sunan mai filin, ko an soke shi, ko an jinginar, ko ana bin sa kuɗin ƙasa, da kuma aikin da aka ware shi dominsa. Ka ɗauki safiyo ya je da na'ura ya tabbatar filin da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin takardar, domin an sha nuna wa mutane wani wuri a sayar musu da wani. Idan a rukunin gidaje ne, ka nemi ganin takardar kamfanin ta asali da zanen da hukuma ta amince da shi. Kada ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami sai sakamakon ya fito, kuma idan za ka biya, ka biya ta banki da sunan wanda ke cikin takardar.